BABI NA TARA: GUDANAR DA GASAR RUBUTA MANHAJAR KWAMFUTA TSAKANIN MAKARANTU

9.1 Gabatarwa

Gasa daɗaɗɗiyar aba ce a makarantunmu, domin an saba da kacici-kacici da muhawara da musabaƙar Alƙur'ani. A ƙasar Zuru kuwa, tun kafin zuwan boko samarin Dakarkari ke gwada ƙarfi a fagen kokawa. Wannan babi zai yi bayani ne a kan wata gasa ta zamani, wato ta rubuta manhajar kwamfuta, da yadda malami zai gudanar da ita tsakanin makarantun sakandare, da kuma rawar da malamin Hausa zai taka a cikinta.

9.2 Ma'anar Gasar

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta daki-daki domin ta aiwatar da wani aiki. Ana rubuta ta ne da wasu harsuna na musamman, kamar Python wanda ya fito a 1991, da Scratch wanda aka fitar domin yara a 2007. A gasar, akan ba ɗalibi matsala a rubuce, shi kuma ya tsara umarnin da zai warware ta. Idan aka yi gasar zagaye-zagaye a tsawon shekara, ana tara maki, to ta zama abin da masu ƙwallon ƙafa ke kira lig. Fa'idar wannan tsari ita ce, makarantar da ta faɗi a zagayen farko tana da damar gyara kurenta a na biyu.

9.3 Taƙaitaccen Tarihi

A 1978 aka kafa ƙungiyar ACSL a Amurka, wadda ke shirya zagaye huɗu a kowace shekarar karatu, ɗalibai kuma suna amsa tambayoyin ba tare da an tara su wuri guda ba. A 1989 aka fara gasar Olamfiyad ta duniya ta ilimin kwamfuta a garin Pravetz na ƙasar Bulgeriya, inda kowace ƙasa ke tura ɗalibai da ba su wuce huɗu ba. Sai kuma gasar Bebras da aka ƙirƙira a Lituwaniya a 2004, wadda ke auna kaifin tunani da gajerun tambayoyi. A Nijeriya, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ita ke shirya gasannin Olamfiyad na lissafi da kimiyya.

9.4 Tsarin da ya Dace da Ƙasar Zuru

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba. Saboda nisan garuruwa da tsadar sufuri da matsalar tsaro a hanyoyi, bai kamata a riƙa yawo da yara daga wannan gari zuwa wancan ba. Don haka tsarin da kowace makaranta za ta zauna a gidanta shi ya fi dacewa. Ga matakan da za a bi:

(a) A kafa kwamiti na malami ɗaya daga kowace makaranta, a rubuta dokoki, shugabannin makarantu su sa hannu kafin a fara.

(b) A tsayar da ranakun zagaye huɗu tun farkon shekara, a kauce wa makonnin jarrabawa da lokacin girbi.

(c) A raba kowane zagaye gida biyu. Kashi na farko a kan takarda, inda ɗalibi zai bi diddigin umarni ya faɗi sakamakonsa. Kashi na biyu a kan na'ura. Ta haka makarantar da ke da kwamfuta biyu kacal, ko wadda wutar lantarki ta yanke mata, ba za ta tashi a tutar babu ba.

(d) A yi musayar masu sa ido, kada malami ya tsare ɗalibansa ko ya duba takardunsu.

(e) A liƙa teburin maki a allon sanarwa na kowace makaranta bayan kowane zagaye.

9.5 Rawar Malamin Hausa

Ɗalibai da yawa a wannan yanki suna magana da C'lela ko wani harshe a gida, da Hausa a kasuwa, sannan da Ingilishi a aji. Sau da yawa yaro yakan faɗi ne saboda bai fahimci tambayar ba, alhali yana da basirar warware ta. Saboda haka yana da kyau a ba da kowace tambaya cikin Ingilishi da Hausa, kuma a nan ne ake buƙatar malamin harshe. A dubi wannan misali:

Wani manomi ya sami tiya 130 ta dawa. A ɗauka kowane buhu yana cin tiya 40. Rubuta umarnin da zai faɗi yawan buhunan.

Wannan tambaya tana da harshen damo. Idan ana nufin buhu nawa zai cika, amsa ita ce 3, da ragowar tiya 10. Idan kuwa ana nufin buhu nawa zai buƙata, amsa ita ce 4. Ɗalibai biyu masu hazaƙa za su kawo amsoshi mabambanta, alƙali ya ba ɗaya maki ya hana ɗaya, alhali laifin na mai tambaya ne. Aikin malamin Hausa shi ne ya tace jimlar har ta tsaya a kan ma'ana guda. Haka nan ya kamata alƙalai su gwada manhajar ɗalibi da lambobi daban-daban, kamar 0 da 39 da 40, domin a gane wanda ya rubuta ƙa'idar lissafin da wanda ya haddace amsa ɗaya.

9.6 Matsaloli da Hanyoyin Magance Su

Babbar matsala ita ce satar amsa, musamman tun daga 2022 da manhajoji irin su ChatGPT suka yaɗu, waɗanda ke iya rubuta umarni cikin ƙiftawar ido. Maganinta shi ne a hana shiga da waya, sannan a sa ɗalibi ya bayyana aikinsa da bakinsa layi bayan layi. Matsala ta biyu ita ce barin 'yan mata a baya, wadda za a iya magance ta idan aka wajabta sanya su cikin tawagar kowace makarantar haɗaka. Ta uku ita ce mutuwar gasar da zarar an yi wa malamin da ya assasa ta canjin wurin aiki. Don haka a ajiye dokoki da tsofaffin tambayoyi da teburin maki a ofishin shugaban makaranta.

9.7 Kammalawa

An ga cewa dorewar wannan gasa ta dogara ne a kan adalcin alƙalai da tsayayyun ranaku da tambayoyi masu ma'ana ɗaya, fiye da yadda ta dogara a kan yawan na'urori. Waɗannan kuwa duk suna hannun malami.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gasar zagaye-zagaye da gasar yini ɗaya?
2. Sake rubuta tambayar manomi yadda amsarta za ta zama 4 kawai.
3. Tsara jadawalin zagaye huɗu na makarantu shida a ƙaramar hukumarka.