Hattara da "yes" da "no" idan tambaya ta zo da "ba"

Idan aka ce wa Bahaushe, "Ba ka biya kuɗin ba?" sai ya ce, "E, ban biya ba." Ya gaskata mai tambaya ke nan. Bature kuwa abin da ya faru yake dubawa: in bai biya ba, "no" zai ce, ko ta yaya aka juya tambayar.

Nan 'yan'uwanmu ke tuntuɓe, musamman gaban likita a Ingila ko Amurka. Ya ce maka, "You don't smoke?" Kai ko sigari ba ka taɓa riƙewa ba, ka amsa "yes", sai ya ɗauka mashayi ne kai.

Don haka, mai karatu, kada ka tsaya kan kalma ɗaya. Ƙarasa maganar: "No, I don't."