Waƙoƙin Rege: Mun San Kiɗan, Shin Mun San Maganar?

Darasin wannan mako ya samo asali ne daga wata gardama da ta kaure a taron ƙungiyarmu. Wani ɗan'uwa ya dage cewa waƙar nan "Don't Worry, Be Happy" ta Bob Marley ce, wai haka aka rubuta a wayarsa. Da muka bincika sai muka tarar ba tasa ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Bobby McFerrin ne ya yi ta a 1988, lokacin Marley ya yi shekara 7 da mutuwa. Mun yi masa dariya, amma da aka juyo kanmu da tambayoyi sai ga shi duk kanwar ja ce. Kowa ya san hoton mutumin a jikin riga ko a bayan mota, kowa na iya bin amshi da gunguni, amma da aka ce me waƙar take faɗa, sai aka yi tsit.

Kiɗan rege ya fito ne daga tsibirin Jamaika a ƙarshen shekarun 1960. Kafin shi akwai wani kiɗa mai sauri da ake kira ska, sai makaɗa suka riƙa rage masa gudu har aka iso ga wannan tafiyar hawainiya da muka sani. Yawancin mutanen Jamaika jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka, kuma sai a 1962 ƙasar ta sami 'yanci daga Birtaniya. Mawaƙan farko sun taso ne a unguwannin talakawa na birnin Kingston, irin su Trenchtown. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamakin yawan maganar bauta da yunwa da Afirka a waƙoƙinsu ba.

Bari mu fara da wadda aka fi yi wa mummunar fahimta, wato "No Woman, No Cry", da ta fito a 1974. Samari da yawa sun ɗauka ana nufin idan ba ka da mace ba ka da damuwa, har wanda budurwa ta yaudara ya kan sa ta don ya huce. Ashe akasin haka ne. A Turancin Jamaika, kamar dai a Turancin buroka na ƙasar nan, maganar tana nufin: ke mace, kada ki yi kuka. Rarrashi ne. Mawaƙin yana tuna wa wata mata zaman da suka yi cikin talauci a gidajen gwamnati na Trenchtown, da abokan da suka rasa, yana ba ta haƙuri. Dubi yadda rashin sanin salon harshe ya mayar da waƙar tausayi ta zama ta habaici.

Akwai kuma "War" ta 1976. Kusan dukkan kalmominta ba Marley ne ya tsara su ba. An ɗauko su ne daga jawabin da Sarkin Habasha, Haile Selassie, ya gabatar a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1963, inda ya yi gargaɗi cewa duniya ba za ta zauna lafiya ba muddin ana fifita wani jinsi a kan wani. A lokacin Angola da Mozambik suna hannun Fotugal, Afirka ta Kudu kuma tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Sunan Selassie kafin a naɗa shi a 1930 shi ne Ras Tafari, daga nan mabiya aƙidar Rasta suka sami sunansu. Suna ɗaukaka shi har zuwa matsayin abin bauta, alhali shi kansa Kirista ne ɗan cocin Habasha. Wannan aƙidarsu ce, ba tamu ba, amma ya kamata mai bin waƙa da baki ya san abin da yake furtawa.

"Buffalo Soldier" kuwa darasin tarihin Amurka ce, kuma sai a 1983 ta fito, bayan mutuwar mai ita. Tana magana ne kan rundunonin baƙar fata da sojan Amurka ya kafa a 1866 bayan yaƙin basasa. Abin takaicin shi ne, waɗannan jikokin bayi aka tura su yaƙi 'yan asalin ƙasar, wato wanda aka zalunta aka sa ya danne ɗan'uwansa a zalunci.

To me ya sa 'yan waƙoƙi kaɗan muka sani, kuma na mutum ɗaya? Wani ɓangare na amsar shi ne faifan "Legend" na 1984, wanda ya tattaro fitattun waƙoƙin Marley ya kuma bazu a duniya fiye da kowane faifan rege. Daga nan duk mai dogon gashi a murɗe ya zama Bob Marley. Aka manta da Peter Tosh, wanda tare suka rubuta "Get Up, Stand Up" a 1973, da Bunny Wailer, na ukunsu a ƙungiyar Wailers. Wasunmu ma sun ɗauka Lucky Dube ɗan Jamaika ne, alhali ɗan Afirka ta Kudu ne, a Johannesburg 'yan fashin mota suka harbe shi a 2007. Shi kuwa Majek Fashek mai "Send Down the Rain" namu ne na gida, ɗan birnin Benin.

Mun san wasu iyaye da malamai suna jin an ce rege sai su tuna da tabar wiwi, kuma ba su yi ƙarya ba, domin wasu mawaƙan sun yabe ta a fili. Mu dai matsayinmu ba ɓoyayye ba ne: haramun ce a dokar ƙasa, kuma tana lalata karatu. Abin da muke jin tsoro shi ne ɗalibi ya kwaikwayi gashi da hayaƙi ya bar tarihin da ke ciki, wanda shi ne zai amfane shi a jarrabawa da bayanta.

Ga aikin wannan mako. A watan Afrilu na 1980 Marley ya yi wasa a bikin samun 'yancin wata ƙasar Afirka, kuma yana da waƙa mai sunan ƙasar. Wace ƙasa ce, me ake kiran ta kafin lokacin, kuma wa ya zama firaministanta na farko? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis.