Aikatau "Waive" na Ingilishi da Takwarorinsa a Hausa: Tsakanin Yafewa da Sarayarwa

Gabatarwa

A watan Maris na 2025, kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Jamhuriyar Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa aikin fassara nauyi, domin takardun ofis da na kotu da na ƙungiyoyin agaji za su riƙa kai da komo tsakanin harsunan uku. Akwai kalmomin da kuskure a fassararsu bai wuce a yi dariya ba, akwai kuma waɗanda kuskure a cikinsu kan raba mutum da gonarsa. Aikatau "waive" yana cikin kashi na biyu. Wannan maƙala za ta duba asalinsa da ma'anarsa da yadda yake zama a jimla, sannan ta auna kalmomin Hausa da ake fassara shi da su, ta hanyar misali daga rabon gado a ƙaramar hukumar Bambeye ta jihar Tawa.

Asali da ma'ana

Kalmar ta shigo Ingilishi daga Faransancin Normandawa, wanda ya zama harshen kotunan Ingila bayan mamayar 1066. A can "weyver" na nufin yin watsi da abu. Daga tushe ɗaya aka sami "waif", wato kayan tsintuwa da ba a san mai su ba. A Ingilishin yau ma'anar ta taƙaita zuwa fuska biyu. Ta farko, mutum ya bar neman wani haƙƙi da doka ta ba shi. Ta biyu, mai iko ya ɗage wani sharaɗi ko wani kuɗi da yake da damar tilastawa, kamar jami'a ta ɗauke wa ɗalibi kuɗin rajista.

Kotuna ne suka fi fayyace fuska ta farko. A shari'ar Johnson da Zerbst ta 1938, Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana cewa aikin yana tabbata ne idan mutum ya san haƙƙin kuma ya bar shi da gangan. A shari'ar Miranda ta 1966, kotun ta shar'anta cewa wanda ake tuhuma ba zai bar haƙƙinsa na yin shiru ko na samun lauya ba sai da son ransa, bisa sani da fahimta. Kotun Ƙolin Nijeriya kuwa, a shari'ar Ariori da Elemo ta 1983, ta bambanta haƙƙin da aka tanada don amfanin mutum shi kaɗai, wanda yana iya bari, da wanda jama'a ke da ruwa a cikinsa. Daga nan za a iya fitar da sinadaran ma'ana guda uku: haƙƙin na mai barin ne, ya san da shi, kuma ba tilasta masa aka yi ba. Idan ɗaya ya faɗi, kalmar ba ta dace da wurin ba.

Zamansa a jimla

"Waive" aikatau ne so-karɓau, kuma karɓansa yana biye da shi kai tsaye ba tare da harafi a tsakani ba. Ana cewa "She waived her right to a share", wato ta bar haƙƙinta na samun kaso. Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci sukan rubuta "waive to", saboda tasirin "renoncer à", kuma wannan kuskure ne. Abu na biyu, karɓan ba ya zama abin da ake taɓawa da hannu. Ana barin haƙƙi ko da'awa ko kariya ko sharaɗi ko kuɗin da ya wajaba a biya, amma ba a cewa "waive the farm". Haƙƙin da ke kan gonar ake bari, ita gonar kuwa bayar da ita ake yi ko sayarwa.

Sunan da aka samu daga aikatau shi ne "waiver". Ɗafa-ƙeyar "-er" a nan takan ruɗi ɗalibi, domin ya saba da ita a "teacher" da "driver", inda take nuna mai aikatawa. A "waiver" ragowar siffar aikatau ce ta Faransancin kotu, irin wadda ke cikin "merger" da "disclaimer". Saboda haka kalmar tana nufin aikin barin haƙƙi ko takardar da aka rubuta shi a kai, ba ta nufin mutumin. Ta fuskar furuci kuma, "waive" da "wave" sautinsu ɗaya, haka "waiver" da "waver", sai rubutu da muhalli ke raba su.

Maƙwabtan kalmar

Faransanci yana amfani da "renoncer" a wurare da dama da Ingilishi ya raba wa kalmomi daban-daban. "Renounce" yana ɗauke da shela da yanke alaƙa, kamar yadda sashe na 29 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yi amfani da shi ga wanda ke son barin zama ɗan ƙasa. "Abdicate" ya keɓanta da gadon sarauta, kamar yadda Sarki Edward na Takwas na Ingila ya yi a Disambar 1936. Hausa tana da "murabus" a wannan gurbi, kalmar da ake ambata ga saukar Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari a 1931 da ta Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963. Abin lura shi ne Bahaushe yana iya cewa "an sa shi ya yi murabus", ke nan kalmar ba ta shar'anta son rai ba. "Forfeit" kuwa rasa haƙƙi ne saboda laifi ko sakaci, ko mutum yana so ko ba ya so. Ita ce kalmar da ta fi hatsari a gauraya da "waive".

Takwarorinsa a Hausa

Kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara ita ce "yafe", wadda a karin harshen Adar, da Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1991, ake furta ta "yahe". A tsarin F. W. Parsons na azuzuwan aikatau, tana aji na huɗu, ajin da ke nuna kammala aiki ɗungurungum. "Yafe" takan nemi wanda aka yi wa: an yafe masa, ta yafe wa ƙanenta. Tana kuma ɗauke da nauyin addini da na zumunci, domin da ita ake neman gafara a bakin mutuwa ko lokacin tafiya aikin Hajji. Ta dace ƙwarai da bashi. Lokacin da ƙasashen ƙungiyar Paris suka soke wa Nijeriya dala biliyan 18 a 2005, "yafe bashi" aka ce, kuma ya zauna daidai. Matsalarta ita ce tana nuna kamar akwai wanda ake bi ko wanda ya yi laifi. Wanda ake tuhuma ba zai ce ya yafe lauya ba tare da maganar ta zama baƙuwa a kunne ba.

"Haƙura da" tana nuna bari, amma sau da yawa barin na dole ne, irin na wanda ya ga ba shi da mafita. "Janye" ta dace da ƙara ko buƙata da aka riga aka gabatar. "Bar wa" tana da harshen damo, domin tana iya zama kyauta, tana iya zama aro. "Ɗage" da "ɗauke wa" su ne suka dace da fuska ta biyu, ta mai iko da sharaɗinsa.

Mafi kusa da fuska ta farko ita ce "sarayar da", wadda malaman fiƙihu suka daɗe suna fassara "isƙaɗi" na Larabci da ita. Ƙirar kalmar ma ta isa darasi. "Saraya" aikatau ne ƙi-karɓau: haƙƙinsa ya saraya, wato ya faɗi, ba a ambaci wanda ya kayar da shi ba. "Sarayar da" kuwa tana aji na biyar, ajin da ke nuna aikau ya fitar da abu daga hannunsa: ya sarayar da haƙƙinsa. Bambancin da Ingilishi ya yi da kalmomi biyu mabambanta, "forfeit" da "waive", Hausa ta yi shi da saiwa ɗaya da ɗafi.

Misali daga Adar

A Bambeye, kamar sauran karkarar Adar, gona ita ce babbar dukiyar gado, kuma maza da yawa sukan tafi ci-rani ƙasashen gaɓar teku ko Nijeriya ko Libiya. A ɗauka mutum ya rasu ya bar ɗa ɗaya da ƴa ɗaya, matarsa da iyayensa sun riga shi. Bisa aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, ɗan yana da kashi biyu cikin uku, ƴar tana da ɗaya. Ita tana aure a wani gari, sai ta ce wa wanta: "Yaya, na bar maka, ka ci gaba da nomawa." A kunnen Bahaushe wannan magana tana iya zama aro har zuwa ranar da za ta buƙata, tana iya zama kunya ce ta hana ta neman rabo a gaban dangi.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda a yau suke aiki tun daga matakin ƙauye, kuma akwai takarda daban ga sayarwa da kyauta da aro da haya da jingina. Idan marubucin takarda ya ji "na bar maka" ya cika takardar kyauta, ko wani mai fassara ya mayar da ita "she waived her right", to an ɗora wa maganarta abin da ba ta ƙunsa ba. Sinadari na farko ya tabbata, haƙƙin nata ne. Na biyu da na uku suna buƙatar tambaya: shin ta san girman kasonta, kuma shin ta san ba za ta iya dawowa ta nema ba, ita ko ƴaƴanta?

Shiru ma yana da hukuncinsa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya nuna cewa wanda yake nan yana gani wani bare ya riƙe masa gida shekara goma bai yi magana ba, da'awarsa ta faɗi, amma wannan wa'adi bai isa ba tsakanin dangi. Malamai suna kiran wannan "hauzi". A nan haƙƙi saraya ya yi, ba mai shi ne ya sarayar ba, kuma sharaɗin kasancewa a gari ya kare ɗan ci-rani da ya daɗe a Abijan. Fassara shirunsa da "waive" kuskure ne a harshe da kuma a shari'a.

Kammalawa

Kafin mai fassara ya zaɓi kalma, ya kamata ya tambayi wane ne aikau da kuma mene ne karɓau. Idan mai iko ne ya sassauta sharaɗi, sai ya ce "ɗage" ko "ɗauke wa". Idan bashi ne ko diyya, "yafe" ta wadatar. Idan haƙƙi ne na shari'a, "sarayar da" ta fi aminci, kuma yana da kyau a ƙara "bisa sani da son rai" a cikin takardar. Idan kuwa daga Hausa ake fassarawa zuwa Ingilishi, kuma abin da aka ji shi ne "na bari" ko "na haƙura", wajibi ne a koma ga mai maganar a tambaye ta abin da take nufi kafin a rubuta "waive" a sa ta ta dangwala yatsa.