Amsar Tambaya: Fitar da Bincike Kafin Tantancewa

Tambaya: Malam, na kammala bincike kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. In ɗora shi a intanet kafin mujalla ta tantance?

Amsa: Ƙanwata, ɗora shi, amma da yardar malaminki da abokan aikinki. Shafin bioRxiv, wanda cibiyar Cold Spring Harbor ta Amurka ta buɗe a 2013, kyauta ne. Idan kika ɗora binciken a can, zai ba ki lambar DOI (lambar shaidar takarda a intanet) da kwanan wata, shaidar cewa ke kika riga kowa. Masana za su karanta, su nuna kurakurai, ki gyara. Sai dai ki fara duba ƙa'idar mujallar da kike nufa, don wasu ƙalilan ba sa karɓar binciken da aka riga aka ɗora a intanet. Kada kuma ki miƙa wa 'yan jarida shi a matsayin tabbataccen sakamako. Lafiyar jama'a amana ce a wuyanki.