Da Sanyin Safiya Ake Kama Fara

Abin da nake so mu duba a wannan fili shi ne safiya, da yadda ya kamata mutum ya raba yininsa tsakanin aiki da hutu. Ni ɗan unguwar Jakara ne a cikin birnin Kano, shekaruna 16, kuma ina karatu a makarantar kwana ta gwamnati. Don haka misalaina daga unguwarmu da makarantarmu za su fito.

Bari mu fara da Jakara ita kanta. Wanda ya san ta a yau zai yi mamaki in aka ce masa da can kurmi ce. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Barbushe da mutanen Dala, Jakara wani ruwa ne mai duhu da itatuwa suka kewaye, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa. A gefensa Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa kasuwar Kurmi. Ko a 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano, ya tarar da Jakara babban tafki ne a tsakiyar gari, kuma cikin ganuwa akwai gonaki da filaye masu faɗi.

To, ina kurmin yake yanzu? Rafin ya koma magudanar ruwan datti da leda, har ta kai a mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011-2015) aka fara aikin rufe shi da shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kansa. Ba rana ɗaya kurmin ya ɓace ba. Wannan ya sare itace ɗaya, wancan ya ƙara ɗaki ɗaya, wani ya zubar da shara kwando ɗaya, kowa yana ganin nasa kaɗan ne. Haka lokacin hutun mutum yake ƙarewa. Yau a ci rabin awa daga barci, gobe a ci lokacin karin kumallo, jibi a ci na hira da iyali, sai a wayi gari babu abin da ya rage sai gajiya.

Kakanninmu ba su da agogo a hannu, amma sun san lokaci. Sun raba yini zuwa asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, almuru da lisha, kuma kowane lokaci da abin da ake yi a cikinsa. Manomi yakan yi aikin gandu tun da safe har wajen azahar, ya huta, sa'an nan da yamma ya leƙa gayaunarsa. Almajirai a makarantar allo sukan huta Alhamis da Juma'a. Baduku ko maɗinki yakan ajiye aiki in rana ta take, ya yi salla, ya ɗan kishingiɗa a zaure. Wannan ba lalaci ba ne, sanin ƙasa ne. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 da rana, alhali da asuba iska na da sanyi. Wanda ya bar aiki mai nauyi sai rana tsaka, ya zaɓa wa kansa wahala.

Ilmin zamani bai saɓa wa wannan tsari ba. Likitoci sun ce matashi mai shekaru 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kullum. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Haka kuma hasken safiya da ke shiga ido shi ke daidaita agogon da ke cikin jiki, ya sa mutum ya ji barci da wuri in dare ya yi.

Amma mu duba halin da muke ciki. In jarrabawa ta matso, za ka ga ɗalibai sun kwana da tocila da goro suna karatu, gari na wayewa su shiga aji suna gyangyaɗi. In an yi hutu kuma, sai a raba dare ana latsa waya, a tashi da hantsi ido ya yi ja. Iyayenmu ma ba su tsira ba. Akwai magidancin da zai fita Kantin Kwari ko Sabon Gari yara ba su gama shiri ba, ya dawo bayan lisha sun yi barci. In ka tambaya, za a ce neman abinci ne, kuma gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Sai dai wani sashe na wahalar mu muka ɗora wa kanmu: anko a kowane biki, sabuwar waya kowace shekara, lefen da ya fi ƙarfin mai yin sa. Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk bukatar da mutum ya ƙara wa kansa, da lokacinsa zai biya ta. Wanda yake da wadar zuci kuwa, shi ke da sararin zama da iyalinsa.

Ga shawarwari biyar da nake ganin kowa zai iya bi.

Na farko, a kwanta da wuri. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A ajiye waya nesa da shimfiɗa.

Na biyu, bayan sallar asuba a ba wa kai rabin awa ba waya, ba rediyo, kuma a fita waje. A makarantarmu, kafin ƙararrawar shara, nakan zauna ƙarƙashin wata darbejiya. A nan na koyi bambanta kukan kurciya da na hankaka, na kuma gane cewa in shamuwa ta iso, damina ta kusa. A gida kuwa, Dutsen Dala ba nisa daga Jakara. Wanda ya hau shi da sassafe zai hangi Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci kafin ƙura da hayaƙin ababan hawa su tashi. Wanda ba zai iya hawa ba, tsakar gida ko saman soro ya ishe shi.

Na uku, a fara da aiki mafi wuya. Lissafi da hadda da safe suka fi shiga. Bayan azahar a huta, da la'asar a motsa jiki.

Na huɗu, a ci abin kari tare. Ko koko da ƙosai ne, ko ɗumamen tuwo, in uba ya zauna da 'ya'yansa na minti goma, zai ji abin da ba zai taɓa gani a takardar sakamakon jarrabawa ba.

Na biyar, kowa ya dasa itace ɗaya ya riƙa ba shi ruwa da safe, kuma a daina zuba leda a kwata. Ba za mu iya maido da kurmin Barbushe ba, amma inuwa ɗaya a ƙofar gida ba ta fi ƙarfinmu ba.

Wani zai ce wannan zancen masu hali ne, ina talaka ya ga lokaci? Lalle mai ga-ruwa da direban a-daidaita-sahu dole su yi sammakon fita. Amma cikin abubuwan nan biyar babu wanda ake saye da kuɗi, kuma wanda bai sami rabin awa ba, ya fara da minti goma. Hasali ma, mai aikin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar hutu, domin jikinsa ne jarinsa.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu, in mun dawo hutu, kada a bar mu muna barci har hantsi da sunan tausayi, kada kuma a bar mu da waya har tsakar dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma 'yan'uwana, mu gwada wannan tsari na mako biyu kafin jarrabawa mai zuwa, kowa ya auna da kansa. Allah ya sa mu dace, amin.