Yadda Itace Yake Yin Kauri

Sa'ad da aka aike ni Udubo gwajin koyarwa, wani yaro ya ce, "Malam, in na kafa ƙusa a jikin gawo, za ta hau sama in ya girma?" Na ce i. Ashe kuskure na koya wa aji duka. Kashegari na koma na gyara.

Ga yadda abin yake. Daga kan rassa itace yake ƙara tsawo, ƙusa tana nan inda aka kafa ta. Kauri kuwa daga wata 'yar fata yake zuwa, tsakanin ɓawo da itacen ciki. A dazuzzukan fir na Turai takan ƙara zobe ɗaya kowace shekara. Da zoben nan ma'aikatan daji suke ƙidaya shekarun itace, don kada su sare fiye da abin da daji ya ƙara.

Saboda haka wanda ya ɓare sassaƙen tsamiya kewaye don magani ya kashe ta. Kuka takan jure, amma ba kowane itace ne kuka ba.

'Yan'uwana malamai, ku riƙa auna gindin itace guda da igiya kowace kaka tare da yaranku. Yaron da ya ga jinkirin girmansa ba zai yi gaggawar ɗaukar gatari ba.