Yadda Ake Haɗa Jimillar Naira da Kwabo a Excel

Tsohon littafin shigar da kuɗi yana da gida biyu a kowane layi, ɗaya na naira, ɗaya na kwabo. Ma'ajin ƙungiya ko akawun makaranta da ya koma aiki da Excel yakan kwashe wannan tsari yadda yake: naira a layin tsaye na A, kwabo a na B. Kwabo ya daina sayen komai a kasuwa, amma yana nan a takardar banki da ta albashi, kuma mai binciken kuɗi ba ya yafe shi.

A ce an shigar da kuɗi uku: naira 1,250 da kwabo 75, naira 3,400 da kwabo 50, naira 980 da kwabo 90. In aka tara kowane layi shi kaɗai, za a ga naira 5,630 da kwabo 215. To, akwai naira biyu da suka maƙale a gidan kwabo. Kwamfuta ba ta san alaƙar layukan nan biyu ba sai an gaya mata.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a mayar da komai kwabo tukuna. A akwatin C2 ka rubuta =A2*100+B2, ka ja shi ƙasa har C4. Kuɗin farko zai zama 125,075. Sai ka tara su a C5 da =SUM(C2:C4), ka sami 563,215.

Saura rabawa. A A5 ka sa =INT(C5/100), wanda zai raba da ɗari ya yar da ɓurɓushi, ya ba ka 5,632. A B5 kuma =MOD(C5,100), shi ne mai fito da abin da ya rage, wato 15. Jimilla ke nan: naira 5,632 da kwabo 15. Ana iya cusa duka a akwati ɗaya ba tare da layin C ba, amma ba na son haka, domin ranar da lissafi ya ƙi daidaita, layin C ne zai nuna maka inda aka kauce.

Sai dai a kula da hannun mai shigarwa. Wanda ya rubuta 5 yana nufin kwabo hamsin ya zubar da kwabo 45, kuma babu dabarar da za ta gano nufinsa. Haka wanda ya liƙa harafin N a jikin lamba ya mayar da ita rubutu. SUM kan tsallake irin wannan akwati shiru, amma ninkawar da ke layin C za ta fito da alamar kuskure nan take, wanda ƙarin dalili ne na riƙe ta.

Idan jimilla ta faɗa ƙasa da sifili, kamar ranar da abin da aka kashe ya fi abin da ya shigo, INT da MOD kan rikita mai karatu. Giɓin kwabo 150 zai fito -2 a gidan naira, 50 a gidan kwabo. A nan ka sa =QUOTIENT(C5,100) a A5, da =C5-A5*100 a B5, sai ka ga -1 da -50.

Masu kwafe littattafan da aka rubuta kafin Janairun 1973, lokacin da Najeriya ta bar fam ta koma naira, gida uku za su tarar: fam, sule da kwabo. A wancan lokacin kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, don haka fam ɗaya kwabo 240 ne. Sai a ninka fam da 240, sule da 12, a ƙara kwabo, a tara, sannan a raba da 240 a fitar da fam, ragowar kuma a raba da 12 a fitar da sule.